Tambayi Mai Magani: Tunda an rubuta a kwali, lissafin na mene ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni ɗaliba ce, shekarata ta uku ke nan a karatun haɗa magunguna, yanzu na zo gida hutu. Darasin farmakosinetik ya hana ni barci. Daga logaritim sai zanen layi mai gangarowa. In haddace yau, gobe ya bi iska. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ai kowane magani yana zuwa da takardarsa cikin kwali, an rubuta ƙwaya nawa za a sha. To wannan lissafin na mene ne? Ko dai don a kayar da mu a jarrabawa aka ƙirƙiro shi?
Rakiya, unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Wasiƙarki ta ba ni dariya, don ni ma haka na riƙa gunaguni ina ɗalibi. Sai da na tsaya bayan kanta ina miƙa wa mutane magani sannan bakina ya mutu.

Takardar cikin kwali an rubuta ta ne da wani mutum a rai: babba, mai kilo 70 ko kusa da haka, ƙodarsa lafiya, hantarsa lafiya, ba ya shan wani magani. Shi kuwa wannan bawan Allah ba kasafai yake shigowa farmasina ba. Masu zuwa wurina su ne tsohuwa daga wani ƙauyen Madarumfa wadda iska mai ƙarfi za ta iya kayarwa, da yaro ɗan shekara uku da tamowa ta cinye, da Alhajin kasuwa mai kilo 110 da ciwon sukari. Darasin da ya hana ki barci, duk tsawonsa, magana ɗaya yake yi: yadda magani ke shiga jiki, inda yake bazuwa, yadda hanta ke sarrafa shi, da yadda yake fita. A jikin mutanen nan uku kuwa, tafiyar ba iri ɗaya ba ce.

Ga yadda nake nuna wa masu zuwa koyon aiki wurina. A bayan farmasi ina da wani tsohon bokitin roba da na huda da ƙusa kusa da gindi. In na cika shi, ruwan sai ya riƙa tsartuwa da nisa. Yana raguwa tsartuwar na yin sanyi, har ta koma ɗiga. Layin nan mai gangarowa da kike zanawa ke nan: in magani ya yi yawa a jini yana fita da sauri, in ya ragu sai fitar ta ragu. (Malamin fizik zai ce bokitina bai bi lissafin sak ba. Na yarda, amma ban taɓa ganin ɗalibin da ya manta da shi ba.) Lokacin da magani ke ɗauka kafin ya ragu da rabi shi ne abin da littafinku ke kira demi-vie. Daga 100 ya koma 50, sai 25, sai 12 da rabi, sai 6 da ɗoriya, sai 3. Kin ga bayan ragi biyar kusan babu saura. Na amoksisilin kamar awa 1 ne, shi ya sa ake maimaita shi sau biyu ko uku a yini. Na parasitamol awa 2 zuwa 3. Na digoksin, maganin zuciya, kusan kwana ɗaya da rabi.

Daga nan sai in ba ɗalibi moɗa, in ce ya riƙa zuba guda duk minti ɗaya. Ruwan zai hau, ya hau, sannan ya tsaya a wani miƙi, abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita. Shi ma wannan yana ɗaukar ragi huɗu zuwa biyar. Fenobarbital da ake ba masu farfaɗiya yana yin kwana 3 zuwa 4 kafin ya ragu da rabi a jikin babba, don haka sai ya yi mako biyu ko uku kafin ya daidaita. In dangi suka dawo bayan kwana uku suna cewa magani bai karɓe shi ba, a ƙara, ke kin san bokitin bai gama hawa ba tukuna. A ƙarshe sai in sa tsinke in toshe rabin hudar, in ce ya ci gaba da zubawa yadda yake yi. Ba a jima ba ruwan ya wuce inda ya tsaya da farko, yana neman bakin bokiti. Ƙodar tsoho ke nan.

A bara wani saurayi ya kawo mini takardar kakarsa, an rubuta mata metformin, maganin ciwon sukari. Tana zaune a bayan babur a waje, na ce a shigo da ita, na ɗora ta a sikeli: kilo 45, shekara 72. A takardar gwajin jininta kireyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, 110 ne, maikromol a lita. Wanda ya kalle shi a gurguje zai ce ai da sauƙi. Na jawo biro na yi lissafin Cockcroft da Gault na ƙiyasta ƙarfin tacewar ƙoda, wanda suka fitar tun 1976, a bayan takardar: a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi, a ninka da 1.04 in mace ce ko 1.23 in namiji ne, sannan a raba da kireyatinin. Nata ya ba ni mililita 29 a minti. Don in nuna wa yarinyar da ke koyon aiki wurina, na ce mu ɗauka jikan ne ke da wannan 110 ɗin, shekara 25, kilo 70. Ya fito 90. Lamba ɗaya a takarda, amma ƙodar jika tana tace ninki uku na ta kaka. Metformin kuwa ta ƙoda yake fita, kuma ba a ba da shi in tacewa ta yi ƙasa da 30. Ban canza komai da hannuna ba, wannan ba hurumina ba ne. Na kira likitan cikin ladabi na karanta masa lissafin, ya yi godiya ya sauya mata magani. Duka-duka minti biyar.

Wajen yara ma kada ki yarda da shekaru, ki yarda da sikeli. Parasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, duk awa 6. Yaro mai kilo 9 rabonsa 135. Uwar da ta ɓalla ƙwaya mai 500 gida biyu ta ba shi rabi ta ba shi 250, kusan ninki biyu, kuma hanta ce za ta ɗauki nauyin. Haka kuma ki riƙa tambayar me mutum ke sha ban da wannan. Rifampisin na tarin fuka yana zaburar da hanta, ta riƙa cinye wasu magunguna da wuri, har da ƙwayoyin tsarin iyali.

Shawarata ita ce ki daina haddar lissafi tsirararsa. Duk dabarar da aka ba ku, ki nemo mata mutum a gidanku, ki tambayi shekarunsa da nauyinsa ki gwada a kansa. Ki fara da kakarki. In kin samu sarari kafin hutu ya ƙare, ki biyo ki ga bokitin.

TAMBAYA: Alhaji, an ba ni maganin masassarar sauro an ce in sha da nono ko abinci mai maiƙo. Maiɗakina kuma an ba ta siprofuloksasin an hana ta nono. Wanne ne gaskiya?
Malam Idi, direba a hanyar Dakoro

AMSA: Duka biyun gaskiya ne, Malam Idi. Naka artemeter da lumefantirin ne, shi lumefantirin hanji ba ya tsotsarsa da kyau sai da maiƙo. Ka sha shi sau shida cikin kwana uku, na biyu awa 8 bayan na farko, sauran safe da yamma; ko jiki ya yi daɗi a kan hanya, ka ƙarasa. Na maiɗakinka kuwa sinadarin kalsiyom da ke cikin nono ne ke kama shi a hanji ya hana shi shiga jini. Haka ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe ke yi masa. Ta sha shi da ruwa zalla, ba a kan nono ba, ta kuma jinkirta furarta da nono sai bayan awa 2 aƙalla.