Tambaya da Amsa: Waya a Hannun Yaro, Me Doka Ta Ce?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon kusan duk a kan matasa ne da wayoyinsu. Mun zaɓi shida, mun sakaya sunayen masu su. Dokokin da za a ji mun ambata na Najeriya ne. Masu karatunmu na Nijar da Ghana da Kamaru su lura cewa kowace ƙasa da tata dokar, amma matakan da ake bi a cikin manhajojin iri ɗaya ne ko'ina.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 16. Wani yaro da suka haɗu a Instagram ya lallaɓe ta har ta tura masa hoton da bai dace ba. Yanzu ya ce ko ta tura masa naira dubu hamsin, ko ya watsa shi ga ƙawayenta da danginmu. Mahaifinta bai sani ba tukuna. Na yi niyyar in biya a rufa asiri.
Daga wata uwa, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya rufa asiri. Ki fara da yaba wa yarinyar da ta iya buɗe baki ta faɗa miki, don da yawa shiru suke yi har abin ya ci su. Kada ki biya ko sisi. Bayan kin biya hoton yana nan a hannunsa, abin da kawai zai ƙaru shi ne ya gane gidan nan ana biya, jibi ya dawo da maganar dubu ɗari. Mai yiwuwa ma ba yaro ba ne. Wannan ƙwacen ya zama sana'ar gungun 'yan damfara, har a watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Instagram, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda shi.

Kafin a toshe shi, a tattara shaida. A ɗauki hoton fuskar waya na duk saƙonnin barazanar, yadda rana da lokaci za su fito. A rubuta sunan shafinsa harafi bayan harafi, da lambar wayarsa in akwai, da lambar asusun bankin da ya ce a tura kuɗin. Wannan ta ƙarshen ta fi komai amfani, domin asusu a haɗe yake da BVN ko NIN na wani mutum. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin waɗannan saƙonni. Inda iyaye suka fi ɓata lamarin shi ne cikin fushi su ƙwace wayar su goge komai, ko su fasa ta. Da an yi haka an wanke mai laifi.

Kada a tura hoton kansa ga kowa, ko ƙanwarki ce, ko wani babba da kike so ya gani da idonsa. Sashe na 23 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya ce yaɗa hoton tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba laifi ne mai ɗaurin shekara 10 ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 20, ajiye shi kuma ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Duk wanda ya karɓa ya tura gaba ya shiga ciki. Barazanar ɓata suna don a tatsi kuɗi kuwa laifi ne daban a sashe na 24, mai ɗaurin shekara 5.

Daga nan a shiga shafin Take It Down, na NCMEC, cibiyar kare yara ta Amurka, wanda aka yi musamman don 'yan ƙasa da 18. Kyauta ne, ba a kuma neman suna. Ana zaɓar hoton a cikin wayar, shafin ya fitar masa da wata lamba ta musamman, lambar ce kaɗai ke tafiya, hoton ba ya barin wayar. Facebook da Instagram da TikTok suna amfani da lambar su gano hoton in an ɗora shi, su cire. Yana da iyaka: ba ya ganin abin da ake turawa ta WhatsApp, don saƙonnin can a kulle suke. In kuma yarinyar ta riga ta goge hoton, kada a nemi a sake turo shi saboda wannan.

Sai a kai ƙarar shafin nasa ga Instagram, a toshe shi, a mayar da nata shafin na sirri. A kai koke ofishin 'yan sanda ko Cibiyar Yaƙi da Laifuffukan Intanet ta 'yan sanda da ke Abuja. Mun fi so ki tafi da lauya, don kada a juya maganar ta koma tuhumar yarinyar. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa mata da yara kyauta. Maganar mahaifinta kuwa, ke kika san halinsa, amma gara ya ji daga bakinki da ya ji a majalisa.

TAMBAYA: Shekarata 15. Ina yanko wuraren barkwanci daga finafinan Hausa ina ɗorawa a YouTube. Kullum ina rubuta cewa fim ɗin ba nawa ba ne, kuma ba na wuce sakan talatin. Duk da haka sun aiko min da gargaɗi sun cire bidiyo ɗaya. Ina laifina?
Daga wani ɗalibi, Gusau

AMSA: Ɗanmu, rubuta "ba nawa ba ne" ba izini ba ne, shaida ce ma ka bayar a kanka cewa ka san kayan wani ne. Maganar sakan talatin kuma babu ta a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, babu ta a ƙa'idojin YouTube. Labarin bakin titi ne.

Ka fara duba wane irin saƙo aka aiko maka, don iri biyu ne. Akwai na Content ID, inda na'ura ke gane sauti ko hoton wani a cikin bidiyonka. Wannan ba hukunci ba ne, yawanci kuɗin tallar ne ke tafiya ga mai kayan, ko a rufe bidiyon. Na biyun shi ne wanda mai fim ɗin da kansa ya nemi a cire. Tunda ka ce an cire bidiyon an kuma yi maka gargaɗi, alamu sun nuna shi ne naka. Irin wannan gargaɗin yana faɗuwa bayan kwana 90 idan ka kammala ɗan darasin haƙƙin mallaka da za su ba ka. In uku suka taru a kanka, za a iya rufe tashar gaba ɗaya, a hana ka buɗe wata. Goge bidiyon da aka yi ƙara a kansa ba ya ɗauke gargaɗin, amma ka gaggauta cire sauran yankakkun kafin a biyo su. Kana iya rubuta wa mai fim ɗin cikin ladabi ka roƙe shi ya janye. Kada ka cike takardar jayayya don kawai ka ji haushi: sunanka da adireshinka za su isa hannun mai ƙarar, kuma ka buɗe masa ƙofar kotu ke nan.

Sashe na 20 na Dokar Haƙƙin Mallaka ya yarda a ɗauki wani yanki na aikin wani don sharhi, ko suka, ko nazari, ko kwaikwayon barkwanci. Ana duba manufar ɗaukar, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da ko hakan zai rage wa mai shi kasuwa. Wanda ya zauna ya yi sharhin fim da bakinsa, ya nuna ɗan guntu don kafa hujja, ya ambaci masu shi, yana da abin faɗa. Wanda ya yanko wurin da ya fi daɗi ya ɗora shi tsurarsa ba shi da shi. Ko ta fuskar kuɗi ma hanyar ba ta ɓullewa, domin YouTube na ƙin biyan tashoshin da kayan wasu kawai suke maimaitawa, kuma asusun karɓar kuɗin sai mai shekara 18, ko a buɗe da sunan mahaifi.

TAMBAYA: Ni marubuciya ce, shekarata 17. Ina sayar da littafina a zauren WhatsApp, naira ɗari biyar kowa. Wata ta fitar da shi kyauta, wata kuma ta cire sunana ta sa nata a Wattpad. An ce min tunda ban yi rajista ba, kuma ban kai 18 ba, ba ni da ta cewa.
Daga wata marubuciya, Katsina

AMSA: 'Yarmu, wanda ya faɗa miki haka ya yi kuskure sau biyu. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar kin rubuta aikin, ko a takarda ko a waya, ba sai da rajista ba, kuma doka ba ta sa shekaru ba. Naki ne tsawon rayuwarki, magadanki kuma su ci gaba da shi shekara 70 bayan haka. Rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ganin dama ce, amfaninta ta zame miki shaida ranar gardama.

Wadda ta biya ɗari biyar karatu ta saya, ba ta sayi ikon rabawa ba. Wadda ta sa sunanta kuwa ta ƙara da tauye haƙƙinki na a san ke ce mai aikin. Abin da doka ba ta karewa shi ne jigo. Labarin kishiya ko auren dole na kowa ne, jimlolinki da tsarin da kika ba labarin su ne naki.

Wattpad, manhajar da ake ɗora labarai ana karantawa, na da fom na ƙorafin satar fasaha. Za ki sa adireshin shafin da aka ɗora, da hujjar cewa kin riga ta. A nan ne marubutanmu da yawa ke faɗuwa, don a cikin WhatsApp suke rubutun kai tsaye, waya ta lalace komai ya tafi. Daga yau, kowane babi ki tura wa kanki ta imel kafin ki sake shi, kwanan watan zai zauna. Abin da ya riga ya bazu a WhatsApp da wuya a dawo da shi, sai dai rigakafi: in kina tura wa masu saye ɗaya bayan ɗaya, ki sauya wata 'yar kalma a kwafin kowa ki rubuta a gefe, ranar da ya fita za ki san ta hannun wa ya bi. In abin ya kai ga shari'a, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan, kuma wani babba ne zai shigar a madadinki. In wani ya zo da maganar mayar da littafin fim ko karanta shi a YouTube, kada ki yarda da baki. A rubuta, mahaifinki ko waliyyinki ya sa hannu, a fayyace ko aro ne na wani lokaci ko sayarwa ce baki ɗaya.

TAMBAYA: An kira ƙanena an ce za a sa shi a zauren tallafin karatu, ya karanto lambar da ta shigo wayarsa. Yanzu WhatsApp ɗinsa na hannun wasu, suna roƙon kuɗi da sunansa.
Daga wani yaya, Maraɗi

AMSA: Malam, lambar nan mai alƙaluma shida ita ce mabuɗin asusun. Tunda layin na hannunsa, ya sake shiga WhatsApp da lambar wayarsa, sabuwar lamba za ta shigo ta saƙo, da ya sa ta an fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana 7. Kafin nan a sanar da dangi da abokai ta kira kada kowa ya tura kuɗi. Da asusun ya dawo, ya shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ya sa lambar sirri da imel. Ya kuma leƙa Linked devices ya fitar da duk na'urar da bai sani ba.

TAMBAYA: Na kai 'ya'yana mata ɗaukar hoton sallah a situdiyo, na biya. Sai ga hotunan a shafin mai hoton yana talla da su. Ya ce shi ya ɗauka, don haka nasa ne.
Daga wani uba, Bauchi

AMSA: Alhaji, yana da rabin gaskiya. A doka, wanda ya ɗauki hoto shi ne mai haƙƙin mallakarsa. Amma sashe na 28 na Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ya ce wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a wallafa shi ko a nuna wa jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya saɓanin haka. Ka duba rasit ɗin ko akwai irin wannan sharaɗi. Ban da haka, hoton fuska bayanin mutum ne, kuma sashe na 31 na Dokar Kare Bayanai ta 2023 ya ce in ana buƙatar amincewa a kan bayanan yaro, ta iyaye ko waliyyi ake nema. Ka rubuta masa takarda ka ba shi wa'adi, ka ajiye kwafi. In ya ƙi, ka kai ƙara ga manhajar da kuma Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya.

TAMBAYA: Ni malamin sakandare ne. Wani ɗalibi ya haɗa hoton abokin aikina da rubutun ƙarya cewa yana karɓar kuɗi ya ba da maki. Sauran suka yi ta turawa. Kowa ka tambaya sai ya ce shi turawa kawai ya yi.
Daga wani malami, Kano

AMSA: Malam, "turawa kawai na yi" ba kariya ba ce. A dokar ɓata suna, wanda ya maimaita ƙazafi ya wallafa shi ne sabo. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 24 na dokar intanet a 2024, ba kowane zagi ne ke shiga ƙarƙashinsa ba, an taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka yi don tada fitina ko jefa rai cikin haɗari. Sai dai Final Kod, wato dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, na nan: sashe na 391 ya bayyana ɓata suna, na 392 ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tara. A nan Kano, a watan Nuwamban 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30 kan ɓata sunan gwamnan lokacin. Ƙuruciya ma ba ta wanke ɗan sakandare, don kariyar da Final Kod ya ba yara a shekara 12 ta tsaya. In kuma da sunan uba aka yi rajistar layin, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Duk da haka ba mu ga amfanin kai ɗan shekara 15 caji ofis a kan wannan ba. A adana hotunan saƙon, a bi sawu daga wanda ya karɓa zuwa wanda ya turo masa har a kai ga na farko, a kira iyaye gaban shugaban makaranta. Wanda ya ƙirƙira ya rubuta janyewa da ban haƙuri a cikin zaurukan da ƙaryar ta shiga, waɗanda suka tura su ma su tura janyewar. In abokin aikin naka bai gamsu ba, yana da damar neman diyya a kotu, don haka kada a goge shaidar ko bayan an yi sulhu.