Takardarka “rejected” ta ce ko “refused”?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Ingila ya tambaya: ya nemi ƙarin wa'adin bizarsa, sai amsa ta zo cewa takardunsa “rejected as invalid”. Shin an hana shi biza ke nan?

Malam, ba a hana ka ba tukuna. A Turancin kasuwa kalmomin biyu sun yi kusa da juna, amma a wajen Home Office, wato ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, hukunci biyu ne daban.

“Rejected” na nufin ba a ma duba cancantarka ba, an mayar maka da takardun tun daga ƙofa. Yawanci kuɗin fom ne bai cika ba, ko kuɗin lafiya na IHS da masu neman biza ke biya, ko ba a je ɗaukar hoto da zanen yatsu ba, ko an cike fom ɗin da ba shi ba. Sukan ba da ɗan wa'adi a gyara; in ya wuce, su dawo da kuɗi su cire ɗan kuɗin aiki. Kada wannan sauƙin ya ruɗe ka. Sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana tsawaita izinin zama ne ga wanda ya shigar da ingantacciyar buƙata kafin bizarsa ta ƙare. Idan taka ta ƙare ana cikin jira, kana iya zama wanda ya zarce wa'adi, izinin aikinka ma ya faɗi. Duba ranar ƙarewar bizarka yau ɗin nan, ka nemi lauya mai rajista.

“Refused” kuwa an karanta, an auna, an ce a'a. Kuɗin fom ya tafi, na IHS ne ke dawowa. Wasiƙar za ta faɗa ko kana da damar ɗaukaka ƙara ko neman a sake dubawa kan fam 80, cikin kwana 14 in kana ƙasar, 28 in kana waje. Duk fom ɗin da ya tambaye ka nan gaba ko an taɓa hana ka biza, ka amsa da gaskiya, don ɓoyewa na iya jawo haramcin shekara 10.

Sai nahawu, tunda za ka rubuta musu. “Refuse” na ɗaukar “to” da aikatau: “they refused to extend my visa”. Yana kuma ɗaukar mutum da abu tare: “I was refused a visa”. “Reject” ba ya yin ko ɗaya, suna ne kawai ke bin sa: “they rejected my application”. Kada ka rubuta “I was rejected a visa”.