Tambaya da Amsa: Kuben Roba da Ake Gasawa a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mahauci ne a Aboabo, cikin Kumasi, na gaji sana'ar daga mahaifina, da yamma kuma ina gasa cincinga, wato tsire. Kuben fata da baduku ke ɗinka mini ba ya daɗewa sai ya fara wari, wuƙa kuma ta yi tsatsa a cikinsa, musamman da damina. Wani abokina ya kawo mini falle biyu na wata roba mai suna Kydex, ya ce gasa ta ake yi a lulluɓa wa wuƙa ta ɗauki siffarta. Na ɗora falle ɗaya a kan kurfoti, wato murhun gawayi, ya yi ƙuraje, ya fitar da hayaƙin da ya sa ni tari har dare, kuma da ya huce a jikin wuƙar sai ta ƙi fita, sai da na fasa shi. Saura falle ɗaya, ba na son in yi asararsa. Ina kuskuren yake? Idan kuma ya ƙare, fayif ɗin ruwa zai iya maye gurbinsa?

Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma sannu da tari. Kurakuranka biyu ne, ɗaya a wajen wuta, ɗaya a wajen shirya wuƙar, amma na wutar ya fi damuna, domin na biyun roba kawai ya ci maka, na farkon kuwa lafiyarka ya taɓa.

Kydex haɗi ne na roba iri biyu, akirilik da PVC, irin robar da ake yin fayif ɗin ruwa da ita. Kamfanin Rohm and Haas na Amurka ne ya fito da ita a 1965 domin aikin cikin jiragen sama, daga baya masu ƙera wuƙaƙe suka gano cewa tana yin kube, yau kuma kamfanin Sekisui ke yin ta. Halinta shi ne tana laushi idan ta ji zafi, ta koma tauri idan ta huce, kuma ana iya maimaita wannan muddin ba a ƙona ta ba. Zafin da take bukata yana tsakanin digiri 160 da 190 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya kai wajen 200 ya wuce, PVC ɗin da ke cikinta yakan fara lalacewa ya saki iska mai guba wadda ke zama asid da zarar ta haɗu da damshin ido, maƙogwaro da huhu. Abin da ka shaƙa ke nan. Garwashi ya ninka wannan zafi nesa ba kusa ba, ga shi ba ya raba wuta daidai, sai gefe ɗaya ya ƙone alhali ɗayan bai ko motsa ba. Saboda haka ka cire kurfoti daga wannan aiki gaba ɗaya.

Abin da ya dace shi ne ƙaramar tandar lantarki mai ma'aunin zafi, irin ta hannu da ake samu wajen masu sayar da tsofaffin kayan waje. Ka duba bayanta kafin ka biya, domin wadda aka yi wa Amurka tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, tamu kuwa a Gana 230 ce. Kada tandar ta sake komawa ɗakin girki, kada kuma a yi aikin a cikin ɗakin kwana ko kusa da teburin nama, a fito da ita tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Ma'aunin irin waɗannan tandodi yakan yi ƙarya, don haka ka yanki ɗan guntu ka gwada tukuna. Falle ya nuna idan ka ɗaga shi da safar hannu ya langaɓe kamar jiƙaƙƙiyar fata. Idan kuwa fuskarsa mai kaushi ta fara sheƙi, ko gefensa ya fara naɗewa, to ya wuce. Mintoci kaɗan ne tsakanin ɗanye da ƙonanne, ba lokacin amsa waya ba ne.

Yanzu ga dalilin da ya sa wuƙarka ta maƙale. Roba mai zafi tana bin jikin ƙarfe sawu da ƙafa, tana kuma ɗan tsukewa yayin hucewa, don haka idan ba ka bar wa wuƙa wurin numfashi ba, kube zai cije ta. Ana manna salatif na takarda, irin na masu fenti, ninki biyu ko uku a kowace fuskar ƙarfen, a yanke abin da ya yi saura a gefen kaifi. Bayan an gama a ɓare shi, ɗan sararin da ya bari shi ne zai sa wuƙa ta shiga ta fita ba gogayya. Abin da masu koyo suka fi jinkirin ganewa shi ne cewa kube ba ƙarfe yake riƙewa ba, bakin ƙota yake kamawa. Wato robar za ta hau kan farkon ƙota da kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ta zauna a kan ɗan tudun da ke wurin, shi ya sa kake jin "ƙas" idan wuƙa ta shige. Idan ta hau fiye da haka, ko ta faɗa cikin wani lungu mai zurfi a jikin ƙotar, babu mai zare ta sai da faɗa. Duk wani rami ko lungu irin wannan a cike shi da takarda da salatif kafin a gasa.

Tun da falle ɗaya ya rage maka, ina ba ka shawarar ka yi kube mai ninki, wato falle guda a naɗe shi ta bayan wuƙa kamar yadda ake ninke takarda, maimakon mai falle biyu da ake haɗawa da zobba ta kowane gefe. Mai ninki ya fi tsimin roba, ya fi siriri a ƙugu. Mai kaurin milimita 2 ya ishi wuƙar fawa, na milimita 1.5 na ƙananan wuƙaƙe ne, adda kuwa tana son 2.4 ko fiye. Ka yanka da rarar kamar santimita 3 ta gefen kaifi da ta tsini. Yankan ba wuya, a ja layi da reza mai ƙarfi a bisa rula sau biyu ko uku, a lanƙwasa, sai ya karye a kan layin.

Matsewa ita ce rabin aikin, kuma ba sai ka sayi inji ba. Katako biyu masu kauri, kowanne an manna masa soso mai tauri na kimanin santimita 2 zuwa 3, sun wadatar. Soson katifa ba ya yi, ya cika laushi kuma zafi na cinye shi; a nemi mai tauri irin na shimfiɗar motsa jiki, a gwada shi da guntun roba mai zafi a ga ko zai jure. Kafinta zai haɗa maka katakan, ko maƙeri a Suwame Magazin, unguwar maƙera da kanikawa ta Kumasi, ya yi maka firam na ƙarfe mai zare, amma ni na ga wanda ya hau kan katakon ya tsaya da ƙafafunsa, kubensa kuma ya fito lafiya. Ka jera komai kusa da tanda kafin ka fito da robar, domin daƙiƙoƙi kaɗan gare ka kafin ta fara sandarewa. Fuska mai santsi ciki, mai kaushi waje, bayan wuƙa ya manne da ninkin sosai, a rufe, a matse, a bar shi minti goma. Idan siffar ba ta fito ba, mayar da shi tanda, zai miƙe ka sake gwadawa. Kada ka ji tsoron zafin robar zai kashe kaifin wuƙa, domin tana hucewa tun kafin ƙarfen ya ɗauki zafin da zai cutar da shi.

Sauran aikin na haƙuri ne kawai. A zana siffar da fensir, a huda ramuka da injin huda nesa da kaifi da kamar santimita ɗaya domin kada wuƙa ta riƙa cin ƙarfen zobba, a sa zobban ido irin na ramin igiyar takalmi amma manya, masu faɗin milimita 6 da ɗoriya, a yanke rara da zarto, a goge gefe da samfefa. Kafin a buga zobban a wanke cikin kuben tas, saboda garin roba da yashi idan suka maƙale a ciki su ne ke karce wuƙa. Idan ya cika matsi ko ya yi sako-sako, bakin kuben kaɗai za a ɗumama da injin busa iska mai zafi a gyara da yatsa cikin safar hannu.

Akwai abu guda da ya shafe ka a matsayinka na mahauci fiye da mafarauci ko manomi. Fata tana shan jini da kitse da ruwa, ga kuma sinadarin jima irin na bagaruwa da ke baƙanta ƙarfe idan akwai damshi, shi ya sa kake ganin wari da tsatsa a damshin Kumasi. Roba ba ta shan komai, amma abin da ya shiga cikinta yana nan zaune har sai an wanke. Don haka ka bar ƙaramin rami a ƙarshen tsini inda ruwa zai fita, kuma a ganina gara ka ɗaure gefen da kusoshi masu zare maimakon zobba, yadda za ka iya kwancewa ka wanke da sabulu. Ruwa mai ɗumi za ka yi amfani da shi, ba tafasasshe ba, kuma kada ka rataye kuben kusa da wutar cincinga ko ka bar shi cikin mota a rana, domin zai saki ya daina riƙo. Wuƙa kuma a wanke ta, a share, sannan ta shiga.

Game da fayif ɗin ruwa, ana yin kube da shi, kuma ga adda ko wuƙar aiki yana biyan bukata. Ana tsaga shi ko a bar shi a dunƙule, a ɗumama a baje, a matse kamar yadda na bayyana. Yana laushi a zafin da bai kai na Kydex ba, don haka a fara da wuta ƙasa-ƙasa, kuma da yake PVC ne kusan zalla, hayaƙinsa idan ya ƙone irin wanda ya sa ka tari ne. Bai kai Kydex fito da siffa ba, yana kuma saurin tsagewa idan ya faɗi ko ya daɗe a rana. A sayi sabo, kada a ɗauko wanda ya taɓa zama a magudanar ruwa. Da ni ne kai, da guntayen fayif zan fara, in yi kube biyu ko uku har hannuna ya saba da ɗauka da ninkewa da matsewa, sannan in sa wannan falle ɗaya da ya rage a tanda.