Kafin Madaki: Wane "Kafin" Ake Nufi?

Wani ɗalibi daga Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa ta jihar Bauchi, ya rubuto yana cewa: "Malam, mun yi gardama da abokaina. Sun ce sunan garinmu yana nufin garin ya kafu ne kafin zuwan Madaki. Haka ne?"

Ɗana, abokanka sun haɗa kalmomi biyu da boko ya rubuta su iri ɗaya, amma baki ya raba su. "Kafin" na lokaci, kamar a ce "kafin azahar", ana jan wasalinsa na farko. Na sunan garinku kuwa gajere ne, daga "kafi" ya fito, shi kuma daga "kafa". Kafi shi ne garin da aka kewaye da itatuwa, a haƙa rami a kakkafa kututture kusa da kusa, a cusa ƙaya a tsakani. Ganuwa ta ƙasa ce, tana cin shekaru da hannaye masu yawa. Kafi kuwa aikin mutanen da ke jin ƙarar kofaton abokin gaba ne. Shi ya sa za ka ji Kafin Hausa a Jigawa, da Kafin Maiyaki a Kano.

To, wa ake tsoro a nan? Ningawa. A shekarun 1840 Malam Hamza ya baro Tsakuwa ta ƙasar Kano bayan saɓani kan haraji, ya shiga duwatsun Ningi da jama'arsa. Daga nan magadansa suka riƙa kai hari Kano da Zazzau da Bauchi. Sarkin Bauchi Ibrahim, ɗan Malam Yakubu, sai da ya bar birni ya tare a garin Rauta, Madakin Bauchi kuma ya riƙe wannan kafi da ke kan hanyar Ningi. Irin wannan zaman bakin iyaka malamai ke kira ribaɗi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikin Madaki ke nan, kada bangon Bauchi ya tsage ta arewa.

Abin da ke burge ni, a wannan wuri na fargaba aka gayyato Babban Gwani, maginin masallacin Juma'a na Zariya, ya yi ginin ƙasa mai bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, a gidan Madaki. Tun 1956 gidan yana cikin kayan tarihi na ƙasa. Ka shiga ka ɗaga kai, ka ga yadda azara da yumɓu suka riƙe rufi ba ƙarfe ba siminti. Ina jin takaici idan na haɗu da ɗan garin da bai taɓa leƙawa ba.

Akwai wani kafin kuma, asirin da ake binnewa a ƙofar gari ko gida don tsari, har a ce "an yi wa garin kafi". Tushensu ɗaya da na itace. Ka tambayi tsofaffin unguwarku inda tsohuwar iyakar garin ta bi, ka rubuto mini abin da suka faɗa, da kalmominsu.