Amsar tambayar tseren motoci da kasuwar wasanni a Chaina (murya daga guruf)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji muryarka. Kana tambaya wai ƙasa mai mutum biliyan 1.4, wadda ta fi kowa ƙera mota a duniya, me ya hana ta samun tawaga a Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, kuma me ya durƙusar da gasar ƙwallonsu bayan duk kuɗin da suka zuba. Abin da kake son ji dai, kuɗin nan akwai su ko babu. Akwai su. Amma ka fara sanin aljihun wa suke fitowa, don lissafin nan na ƙirga kawuna shi ya kai Turawa da yawa ya baro.

Ka ga a Formula 1, gari ne ke biya a kawo masa tsere, miliyoyin daloli duk shekara. Kuɗin talabijin da tallan gefen hanya na masu gasar ne, wato Liberty Media tun 2017. Mai masauki tikiti ne babban abin da ya rage masa. To a Shanghai wa ke ɗaukar nauyin? Juss Sports, reshen wani kamfani mallakar gwamnatin birnin, su ne kuma ke shirya gasar tanis ta Shanghai Masters. Ka ga kenan ba wani attajiri ne ya zauna ya ga riba ba. Birni ne ke sayen suna, a cika otal, a haska shi a duniya. Ranar da birnin ya ce ya isa, magana ta ƙare. Sun dai sabunta yarjejeniya har 2030.

Filin kansa a gundumar Jiading yake, Bajamushen nan Hermann Tilke ya zana shi, aka buɗe a 2004. Fadama ce wurin, fadama sosai. Sai da suka kafa ginshiƙan siminti wajen dubu 40 a cikin laka, sannan suka shimfiɗa farin soson nan mara nauyi, irin wanda kake gani a kwalin sabon firij, a ƙarƙashin hanyar don kada nauyi ya nutsar da ita. Duk da haka ƙasa tana zama a hankali, shi ya sa kwaltar ke yin tudu da kwari. Zagaye ɗaya kilomita 5.451, kwana 16, ana yin zagaye 56. Siffarsa ma wai ta harafinsu ce na farko a sunan Shanghai.

Kuma don Allah masu cewa filin ba daɗi, ku dinga kallon kwana ta 1. Direba zai shigo da gudun sama da kilomita 300, kwanar dama ce mai naɗewa kamar katantanwa, tana ƙara matsewa. Ba ya taka birki ya gama sannan ya karya sitiyari irin na sauran wurare, a'a, yana birki yana kwana yana sauke giya, duk a lokaci guda, har ya kusa yin da'ira kafin ta juya shi hagu. Duk nauyin motar a kan tayar gaba ta hagu yake sauka. Ga kwana ta 13, ita ma doguwar dama ce, tayar nan dai. Ga sanyin watan Maris ko Afrilu. Saman robar ya yi zafi, cikinta da sanyi, sai ta fara yagewa tana dunƙulewa kamar dattin da ke fita in yaro ya goge fensir. Da zarar haka ta faru, ka murɗa sitiyari mota ta ƙi bi, gaba ya dinga zamewa waje. Makanikai sai su ƙara wa fiffiken gaba kamu don a ceci tayar, a baya kuma ba su isa su ƙara da yawa ba, don akwai miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita 1.2 da za a cinye ka a kai kafin kwana ta 14. Nan wasan yake.

Taya ce ma ta kashe direban nan Hamilton a 2008, au, 2007, shekararsa ta farko. Ana ruwa aka fara, hanya ta bushe, tawagarsa McLaren suka bar shi a kan tayar ruwa har ta baya ta cinye zare ya fito fari. Da ya zo shiga gareji, a 'yar kwanar shiga ɗin nan, a gudun da bai kai na mai Keke Napep ba, ya zame ya faɗa tsakuwa ya maƙale. Yaro yana gaban Raikkonen da maki 17 saura tsere biyu, aka je Brazil ya rasa kambu da maki ɗaya. Maki ɗaya! Zagaye biyu kafin nan kowa a talabijin yana ganin farin zaren, su da ke da kwamfuta goma a gabansu suna jiran wai ko ruwa zai dawo. Har gobe ban ga hujjarsu ba. Sannan a 2025 filin nan dai, Hamilton ya ci gajeren tseren Asabar da Ferrari, a babban tseren Lahadi kuma aka soke sakamakonsa saboda katakon ƙasan mota ya cinye ya gaza milimita 9 da doka ta ce. Leclerc kuma motarsa ta gaza kilo 800 da kilo ɗaya, shi ma aka cire shi. To, na yi nisa, mu dawo.

Abin da nake son ka gane, shekarun farko an cika fili, daga baya mutane suka ja baya har aka rufe wasu kujerun da ƙaton allon talla don kada kyamara ta nuna wayam. Korona ta zo, daga 2020 zuwa 2023 ba a yi ba sam. Da aka dawo a 2024 tikiti ya ƙare da wuri. Me ya canja? Zhou Guanyu. Ɗan Shanghai, ɗan Chaina na farko da ya yi tsere a Formula 1, ya shiga a 2022 da Alfa Romeo. Na 14 ya zo ranar, ko maki bai samu ba, amma aka ware masa wurin ajiye mota a gaban 'yan kallo, ya durƙusa yana kuka. Haka kasuwarsu take. Yao Ming ya tafi Houston a 2002, NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ta shiga kowane gida. Li Na ta ci gasar Faransa a 2011, tanis ta tashi. Ding Junhui a 2005, sunuka. In ba ɗan gida, sai ka yi da gaske. Zhou kuwa ya rasa kujera a ƙarshen 2024, ya koma direban ajiya.

Dalilin ƙarancin direbobin kuwa a fili yake. Yaro sai ya fara ƙananan motocin nan na kat tun yana shekara bakwai ko takwas, kuma gasar da ake ɗaukar yara daga ita a Turai take. Shi Zhou sai da aka kai shi Ingila yana yaro. Iyali nawa za su iya? Amma kada ka ce ba su da kowa. Ye Yifei ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 2025 da Ferrari. Lynk & Co na kamfanin Geely sun ci kambun tawaga na duniya a tseren motocin gida shekara uku a jere daga 2019. Macau kuwa tun 1954 ake tsere a titunanta, Senna ya ci a can a 1983.

Batun tawaga, duba abin da suke sayarwa. Kusan rabin sabbin motocin da ake saye a Chaina yanzu masu caji ne. BYD ta daina ƙera mota mai fetur zalla tun 2022. Kamfani irin wannan zai kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli kuɗin shiga kawai, ya gina masana'anta a Turai, ya yi shekara biyar yana zuwa na ƙarshe a idon duniya? Ga hanya mai sauƙi: ka ɗauki motarka ka kai filin tsere na Nürburgring a Jamus, ka yi zagaye ɗaya, ka saki bidiyo. Xiaomi masu waya sun yi haka a 2024, minti 6 da daƙiƙa 46, ya zagaye wayoyin Chaina. Formula E ma, ta motocin lantarki, tserenta na farko a duniya a Beijing aka yi a 2014.

Ƙwallo kuma, kai ma shaida ne. Janairun 2017 Oscar ya bar Chelsea ya koma Chaina kan fam miliyan 60. A watan nan Mikel ya tafi Tianjin, Ighalo ya tafi Shanghai, a'a dakata, Changchun Yatai ya fara zuwa daga Watford kan fam miliyan 20, Shanghai Shenhua sai 2019. Obafemi Martins ya riga su. Su wa ke biya? Yawanci kamfanonin gine-gine da manyan 'yan kasuwa, da suka ga shugaban ƙasa na son ƙwallo suka ce bari mu shiga ta nan. Ba tikiti ko riga ke riƙe da kulob ba, mai gida ne. Da gwamnati ta ga kuɗi na tsiyaya waje, a 2017 ɗin ta sa harajin kashi 100: ka sayi baƙo sama da yuwan miliyan 45, ka biya irin kuɗin a asusun rainon matasan 'yan wasa. Daga 2021 albashin baƙo kada ya wuce yuro miliyan 3 a shekara, kuma a cire sunan kamfani daga sunan kulob. To mutumin da don sunansa ya shigo, ka cire sunan, me zai zauna yi? Ga kasuwar gidaje ta rushe. Jiangsu ta ci kofin lig a Nuwamban 2020, Fabrairun 2021 aka rufe ta. Zakara, wata uku! Guangzhou ta kamfanin gine-gine na Evergrande da ta ci kofin Asiya a 2013 da 2015, farkon 2025 babu ita. Li Tie, tsohon kocin ƙasa wanda ya buga wa Everton, shekara 20 aka yanke masa kan cin hanci.

Sai abu na ƙarshe da baƙi ke mantawa, a can magana ɗaya tana rufe kasuwa. Oktoban 2019 manajan Houston, Daryl Morey, ya yi rubutu layi ɗaya kan Hong Kong, CCTV, tashar talabijin ta gwamnatin Chaina, ta daina nuna NBA, shugaban gasar da bakinsa ya ce asarar ta kai ɗaruruwan miliyoyin daloli. Sai Oktoban 2025 'yan NBA suka sake buga wasa a Chaina, shi ma a Macau. Mu ma ta shafe mu. Fabrairun 2024 Messi ya zauna a benci a Hong Kong, mutane sun sayi tikiti da tsada, bayan kwana uku ya buga a Japan. Wasan Ajantina da Super Eagles da za a yi a Hangzhou a Maris, sokewa aka yi. Mu da ba mu ci nanin ba.

Wanda ya tambayi lokaci kuma, in an fara tsere ƙarfe 3 na rana a Shanghai, ƙarfe 8 na safe ne a Kano da Maradi. Gwajin neman layi na Asabar, wanda ke nuna wa zai tsaya gaba a farkon tsere, ma kusan lokacin ne, amma gajeren tseren kan faɗo wajen ƙarfe 4 na asuba, sai ka sa ƙararrawa. Ka zuba ido kan tayar gaba ta hagu daga zagaye na 10, in ka ga baƙin layi ya fito a tsakiyarta, mai motar ya kusa shiga gareji. Wassalam.