Ina ake samun sababbin mawaƙan da ba su yi suna ba?

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji da waƙoƙin da rediyo ke ta maimaitawa, kana son gano ƙananan ƙungiyoyin mawaƙa masu cin gashin kansu, har ka je kallon wasansu ido da ido.

Ni Bandcamp, wani dandalin intanet na saurare da sayen waƙoƙi, na fi dogara da shi. Mawaƙa da ƙananan kamfanoni ne ke ɗora aikinsu da kansu, kuma in ka saya, mafi yawan kuɗin aljihunsu yake shiga. A can ka leƙa shafin Sahel Sounds, wani ƙaramin kamfani a Portland ta Amurka mai fitar da kiɗan jitar Nijar. Ta nan na san Etran de L'Aïr, 'yan Agadas da suka taso da kiɗan biki. Yaran gida masu tasowa kuwa, manhajar sauraren waƙa ta Audiomack za ka duba.

Ranar wasa ka je da wuri. Mutane kan jira sai babban mawaƙi zai hau, alhali masu buɗe fili su ne sababbin da kake nema. Kuma kada ka yi irin tawa: na taɓa liƙe wa lasifika don in ga yatsun mai jita, na kwana biyu kunnena na ƙugi. Ka matsa tsakiya kusa da mai kula da sauti, nan kiɗa ya fi fita tsaf, ka kuma sa abin toshe kunne. Tikiti a wajen masu shiryawa za ka saya, na hannun 'yan bakin ƙofa kan zama jabu.

In ƙugin kunne ya ƙi tafiya bayan 'yan kwanaki, ka ga likitan kunne.