Iyaka a buɗe take, in zuba jarina duka?

Wani ɗan kasuwa daga Jibiya ya aiko da tambaya: yana sayo wake a Maraɗi yana kai wa kasuwar Dawanau ta Kano, yanzu kuma ya samu kuɗin gadon gona. Ya haɗa su da jarinsa ya riƙa cika tirela, tunda hanya ta buɗe?

Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Amma kada ka zuba duka.

Ka fi ni sanin abin da hanyar nan ta gani. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, motoci suka yi ta jibgewa a Jibiya da Illela da Maigatari har Maris 2024. Masu albasa sun ga kayansu na ruɓewa a kan mota. A Oktoba 2024 kuma Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara. Duk cikin waɗannan babu wanda aka yi shawara da ɗan kasuwa. Don haka ka sa rufe iyaka cikin lissafinka, kamar yadda kake sa kuɗin mota da na kwastan.

Abin da ya fi damuna shi ne canji. Kana saye da sefa, kana sayarwa da naira. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a Yuni 2023 ta tashi daga wajen 460 kan dala ɗaya ta haura 1,500 cikin wata takwas. Wanda ya karɓi kaya bashi a Maraɗi a lokacin, ya sayar da riba a Kano, ya koma biya ya tarar uwar kuɗin ma ta taɓu. Kada ka ci bashi da sefa, ko da aminin mahaifinka ne ya ba ka.

Kuɗin gadon nan na iyali ne, akwai bakuna a bayansa. Ka sa kashi ɗaya cikin uku a hanyar Maraɗi, ka riƙa ɗauko kaɗan kana juyawa da sauri. Kashi ɗaya ka sayi wake a kasuwannin gida da kaka, ka adana a buhunan da ba sa shigar iska. Sauran ka bar shi inda hannunka zai kai gare shi ranar da aka wayi gari an sake datse hanya.